Gudun Autanmu

Akwai wata igiya a gidanmu wadda har yau ba mu yar ba. Tana rataye a bayan ƙofar ɗakin ajiya, ta yi baƙi don tsufa. Da ita muke ɗaure ƙafar autanmu a jikin ginshiƙin rumfa sa'ad da yake ɗan shekara shida. Mun daɗe muna jin nauyin faɗin wannan magana, balle a ce malamin makarantar ekklesiya ne ya aikata haka. Amma mun sani akwai gidajen masu bi da yawa da ke da irin wannan igiya, ko kuwa kwaɗo a ƙofar ɗaki, suna shan wahalarsu a ɓoye. Saboda su ne muka ɗauki alƙalami.

Ubangiji ya ba mu 'ya'ya huɗu. Uku na fari sun tashi kamar sauran yara. Auta kuwa, tun ana goyonsa uwargidanmu ta lura da bambanci. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, har muka zaci kurma ne. Amma in aka buɗe gwangwanin madara a ɗaya ɗakin, sai ka gan shi ya taho. Ba ya duban idon mutum. Yakan wuni yana jera marafan kwalba a layi, wanda ya taɓa ɗaya kuwa ya jawo kukan da ba ya ƙarewa. Bai yi magana ba sai da ya kusa shekara biyar, ko a lokacin ma abin da aka faɗa masa yake maimaitawa. Ran Lahadi, da zarar zumuntar mata sun soma kaɗa tulu da ganga, sai ya toshe kunnuwa ya faɗi ƙasa yana ihu, mamansa ta ɗauke shi ta fita, idon jama'a duka a kanta.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne gudu. Da ya ga ƙofa a buɗe sai ya fita a guje, ba waiwaye, ba jin kira. Garinmu a kan tudun Filato yake, duk wanda ya san ƙasar nan kuwa ya san kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, masu zurfi da ruwan sanyi. Wata rana da damina muka neme shi muka rasa. Bayan wajen awa biyu wani manomi ya same shi a bakin ɗaya daga cikin kududdufan nan, ruwa ya kai masa gwiwa, yana ta dariya. A yammacin ranar muka sayo igiya a kasuwa.

Abin da mutane suka ce

Bakin mutane bai bar mu ba. Waɗansu suka ce iska ce ta taɓa shi. Waɗansu suka ce maita ce daga dangi. Wani ɗan'uwa ya ja mu gefe bayan sujada, ya ce mu binciki zuciyarmu ko akwai zunubin da ba mu tuba ba. An kai mu wani gidan addu'a inda aka ce a hana yaron abinci kwana uku. Da uwargidanmu ta ga halin da ya shiga a rana ta biyu, sai ta goya shi ta kama hanyar gida ba ta sallami kowa ba. Ta fi mu gaskiya.

Namu laifin ma ba ƙarami ba ne. Mun sa shi a ajinmu, muna cewa wanda ya koya wa 'ya'yan mutane karatu ba zai kasa da nasa ba. Bai iya zama minti biyar a benci ba. Muka ji wata uwa tana cewa malamin da ɗansa ya gagare shi, me zai koya wa na wani? Maganar ta soke mu, muka huce a kan yaron da bulala. Yana kuka yana duban bango, bai san abin da ya yi ba. Mun roƙi gafarar Allah a kan wannan, mun kuma roƙi ta Auta, ko da yake ba mu san iyakar abin da ya fahimta ba.

A ƙarshe wata likitar yara a Jos ta zauna da mu, ta yi mana tambayoyi masu yawa, ta ba shi kayan wasa tana dubansa. Sa'an nan ta ce, "Malam, ɗanku ba mahaukaci ba ne, ba kuwa wanda ya yi masa sammu. Haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa." Ta ce likitoci suna kiran wannan lalura otizim. A gidajen rediyo na Hausa kuwa mukan ji ana ce mata galahanga.

Daga baya muka nemi ƙarin sani. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner shi ne ya bayyana lalurar a rubuce a 1943, bayan ya lura da yara 11. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen yaro ɗaya cikin 100 yana da ita. An fi samunta a wurin 'ya'ya maza. Allurar rigakafi ba ta kawo ta, rashin tarbiyya ma ba ya kawo ta. Masu ita sun bambanta ƙwarai: wani yakan yi karatu har jami'a, wani ba zai taɓa yin magana ba. Gudun nan da ya firgita mu ma ashe ba mu kaɗai ba ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012, a kan yara fiye da 1,200 masu lalurar, ya nuna kusan rabinsu sun taɓa ƙoƙarin sulalewa daga hannun masu lura da su, haɗarin da aka fi jin tsoro kuwa shi ne ruwa da mota.

A daren da muka komo daga Jos muka buɗe Yohanna sura 9, inda almajirai suka ga makaho suka so su san zunubin wane ne ya jawo masa makanta, nasa ko na iyayensa. Ubangiji Yesu ya kawar da tambayar gaba ɗaya. Sau nawa muka koyar da wannan sura a makarantar Lahadi, amma sai a daren nan ta sauke mana kaya.

Ranar da igiya ta kwance

Sanin sunan abu bai hana Auta gudu ba, don haka igiya ta ci gaba da aikinta. Wata safiya da hunturu, yana ɗan shekara bakwai, ƙullin ya kwance. Muna alwatse da ruwan wanka a hannu muka hango bayansa ya sha kwana. Muka ajiye bokiti muka bi shi da silifa. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Rabonmu da gudu tun muna kwalejin horon malamai, ga tumbi ya soma fitowa.

Mun cim masa a bayan filin makaranta, amma numfashinmu ya ƙare, ba mu da ƙarfin ɗaukarsa yana shure-shure kamar yadda aka saba. Sai muka bar hannunsa, muka ci gaba da sassarfa a gefensa, muna tare shi daga wajen titi kawai. A nan muka ga abin da ba mu taɓa gani ba, domin kullum ƙeyarsa muke gani. Fuskarsa a sake take. Ba ihu, ba toshe kunne, ba cizon hannu. Ƙafafunsa suna sauka daidai da daidai kamar ana daka. Da muka kai wani babban dutse a bakin gonakin dankali sai ya tsaya don kansa, ya dafa dutsen, ya juya, muka komo gida tare.

A ranar ya ci abinci a zaune. Da dare kuma ya yi barci har asuba, shi da yakan farka sau uku ko huɗu yana zaga ɗaki. Da gari ya waye uwargidanmu ta ajiye mana takalman kambas a bakin ƙofa, ta ce, "Baban Auta, yau ma ku je."

Yau shekara bakwai ke nan muna zuwa. Ƙarfe biyar da rabi, bayan addu'ar safe, mukan fita. Da fari zuwa dutsen nan da komowa ne, bai fi kilomita 2 ba. Sannu a hankali muka ƙara, har yanzu ran Asabar mukan yi kilomita 10. Kwanakin farko mun sha dariya. Masu zuwa gona sukan tsaya su ce, "Malam, lafiya? Wa ya biyo ku?" Yanzu sai dai su ɗaga hannu. Bayan wata uku da somawa muka daina ɗaure shi, domin fitar da yake yi ba sallama ta ragu ƙwarai. Ya gane akwai lokacin gudu, akwai kuma wanda zai raka shi.

Me ya sa gudu, ba ƙwallo ba?

Da muka ga yana son motsa jiki, sai muka ce bari mu sa shi cikin 'yan ƙwallon makaranta, ya sami abokai. Ba a yi minti goma ba ya zauna a tsakiyar fili ya rufe kansa da riga. Sai daga baya muka gane dalili. Mai buga ƙwallo dole ya lura da mutum 21, ya karanta nufin abokinsa daga ido ko ɗaga hannu, ya jure ihu da turereniya da busar alƙalin wasa, kome kuwa yana sakewa cikin ƙiftawar ido. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ke yi wa mai galahanga wuya. Ƙarar da mu ba mu damu da ita ba, shi tana shigarsa kamar allura.

Gudun nesa ba ya neman ko ɗaya daga cikinsu. Hanya ɗaya ce, ya san farkonta da ƙarshenta. Ba wanda zai ce masa ya ɓata wa ƙungiya wasa. Yawancin masu wannan lalura suna samun kwanciyar rai daga maimaita motsi iri ɗaya, shi ya sa za ka ga suna rangaji ko kaɗa hannuwa. Gudu kuwa maimaita motsi ne, ƙafar dama, ƙafar hagu, sau dubbai. Tun cikin shekarun 1980 masu bincike a Amurka suka lura cewa in irin waɗannan yara suka yi sassarfa, sukan fi natsuwa a kan aiki bayan haka. Iyo da tuƙa keke da doguwar tafiya a ƙasa su ma haka suke, ga wanda ya sami hali.

Akwai kuma wata albarka da ba mu zata ba. Auta ba ya son a tsaya gabansa ana dubansa ana yi masa tambaya. Amma in muna gudu kafaɗa da kafaɗa, kowa yana duban gaba, sai bakinsa ya buɗe. A kan hanyar nan ne ya fara gaya mana abin da ba mu tambaye shi ba. Ya ce, "Baba, sanyi." Kalma biyu ne, amma mun komo gida muna share hawaye. A kan hanyar nan kuma ya koyi ƙirga har ɗari, da turakun wutar lantarki, abin da allo da bulala suka kasa koya masa.

A waɗansu ƙasashe masu wannan lalura sun kai nesa. Mikey Brannigan, ɗan Amurka, ya ci lambar zinariya a tseren mita 1,500 a gasar naƙasassu ta duniya da aka yi a Riyo ta ƙasar Birazil a 2016. A shekarar kuma ya yi gudun mil ɗaya cikin ƙasa da minti 4. Sam Holness, ɗan Ingila, ya gama babbar gasar nan ta tsibirin Hawai a 2022, inda mutum zai yi iyon kilomita 3.8, ya tuƙa keke kilomita 180, sa'an nan ya yi gudun kilomita 42, duka a rana ɗaya. Mun kawo su ne don a san abin yana yiwuwa. Amma kada iyaye su ɗora wa yaro burin lambar zinariya. Namu ɗan bai taɓa cin kome ba, ba kuwa don haka muke fita ba.

Gargaɗi ga iyaye

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kowane yaro kuma da irin nasa hali. Duk da haka ga abin da muka koya, waɗansu da kuskure muka koye su.

Gudu ba magani ba ne. Auta yana nan da lalurarsa, zai kuwa zauna da ita. Wanda ya ce muku yana da maganin da zai raba yaro da ita cikin mako guda, kuɗinku yake so.

Ku fara ganin likita. Farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu wannan lalura, ya kamata a san halin yaro kafin a sa shi aikin ƙarfi, tun ba iyo ba.

Kada ku bar shi ya fita shi kaɗai. Ku zaɓi hanyar da ba motoci da babura da karnuka, wadda kuma ba ta bi ta bakin ruwa ba. Babba ya riƙa bin gefen titi. Mu mun ɗinka lambar wayarmu a cikin rigarsa.

Ku riƙa duba jikinsa da kanku. Da yawansu ba sa faɗin ciwo ko ƙishi. Wata rana Auta ya yi kilomita 5 da ƙaya a tafin ƙafa, bai ce uffan ba, sai da muka ga jini a safa. Tun daga ranar mukan duba ƙafafunsa kafin fita da bayan komowa, mu kuma ba shi ruwa ko bai roƙa ba. Da bazara, in rana ta ɗaga, ba gudu.

Ku fara da kaɗan, ku riƙe lokaci ɗaya da hanya ɗaya. In za a sake hanya, a gaya masa tun jiya. Sannu ba ta hana zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa yara daga shekara 5 zuwa 17 su sami wajen minti 60 na motsa jiki kowace rana, amma minti goma ma mafari ne.

In kuwa yaro ba ya so, kada a tilasta masa. Wani keke zai so, wani tafiya, wani ban ruwa a lambu. Ku duba abin da jikinsa yake nema tun da can, ku shiga ciki tare da shi. 'Ya'ya mata ma kada a bar su a baya, uwa ko yaya tana iya raka su.

Ranar wasannin makaranta

Bara muka yi ƙarfin hali muka sa sunansa a tseren zagaya gari na ranar wasannin makaranta. Mun manta da abu ɗaya. Da aka busa usur sai ya durƙusa ya toshe kunnuwa, sauran yara suka tafi suka bar shi. Jama'a suka yi tsit. Zuciyarmu ta ce mu je mu janye shi kafin a fara dariya. Sai wansa ya je ya tsuguna kusa da shi, bai taɓa shi ba, ya jira. Can ya ce masa, "Auta, tashi mu je dutse." Ya tashi.

Muna tsaye a bakin fili muna jiran masu komowa. Na fari suka shigo, aka yi ta tafi. Can sai wata tsohuwa, wadda a dā takan janye jikokinta in Auta ya matso, ta sa hannu a goshi ta ce, "Ga Auta can, na gane gudunsa." Nan take muka tuna da Ahimawaz ɗan Zadok a 2 Sama'ila sura 18, wanda mai tsaron birni ya shaida shi tun daga nesa ta wurin irin gudunsa. Yaron da gari ya sani da ihu, yau an san shi da wani abu dabam. Ya shigo a tsakiyar jama'a, bai zo na fari ba, bai zo na ƙarshe ba. Shugabar zumuntar mata ta ɗaga hannu ta hana a yi guɗa, aka tafa masa a hankali.

Roƙonmu ga ekklesiya

Ba za mu ɓoye muku damuwarmu ba. Auta yana da shekara 14 yanzu, ya fi mu sauri nesa ba kusa ba, yakan tsaya yana jiranmu a kowace kwana. Gwiwoyinmu sun fara ƙara. Yayyensa suna barin gida ɗaya bayan ɗaya don karatu. Har yanzu ba ya iya zama a sujada daga farko zuwa ƙarshe, ba ya iya zuwa kasuwa shi kaɗai. In dare ya yi, mu da uwargidanmu mukan tambayi juna, wa zai raka shi ranar da ba za mu iya ba?

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Waɗannan yara gaɓoɓin jikin Almasihu ne kamar kowa. Muna roƙon fastoci da dattawa su nemi gidajen da ake ɓoye irin waɗannan yara, su shiga da ƙauna, ba da tuhuma ba. A keɓe musu benci kusa da ƙofa, nesa da lasifika. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 2 ga Afrilu ta zama ranar tunawa da masu wannan lalura, tun 2008 ake kiyaye ta, ekklesiya tana iya ɗaukar Lahadin da ta fi kusa ta koyar da jama'a. Malamai 'yan'uwanmu, ku ajiye bulala, ku tambayi uwar yaron abin da ke kwantar masa da rai. Ku kuma samari, masu ƙarfin ƙafa, rabin awa da safe ba za ta rage ku da kome ba. Ba a bukatar ku iya wa'azi ko waƙa. Ku zo a kan lokaci, ku bi gefen titi, ku yi shiru in yana son shiru.

Ga iyayen da ke da igiya a gida, ba mu zo mu hukunta ku ba, mun san tsoron da ya sa kuka sayo ta. Amma gobe da sassafe, kafin motoci su fito, ku kwance ta, ku sa takalmi, ku fita tare ku gani.

Ku riƙa tunawa da gidanmu cikin addu'o'inku. Ubangiji ya ba mu haƙuri da ƙarfi duka. Amin.